Kafin ka ƙone datarka: yadda nake karanta sharhin faifan okestra

Simfoni na 5 na Beethoven, wato dogon kiɗa mai babi-babi da Bajamushen nan mai tsara kiɗa ya rubuta wa okestra, babbar ƙungiyar makaɗa, ɗaya ne tak. An fara kaɗa shi a birnin Biyana na ƙasar Austriya ranar 22 ga Disamba 1808, kuma rubutun kiɗan yana nan har gobe. Amma rubuta sunansa a YouTube ko Spotify ka sha kallo. Fayafayai za su jeru maka har yatsanka ya gaji da ja, kowanne da okestrarsa da madugunsa, wato mutumin nan mai 'yar sanda da ke tsayawa gaban makaɗa yana bi da su. Mu mutanen ƙauye, da datar da ake saye da lissafi da cajin sola, ba mu da halin bin su ɗaya bayan ɗaya. A nan sharhin masana yake da rana. Sai dai shi ma sharhin sai an iya karanta shi, in ba haka ba ruɗu zai ƙara maka.

Sana'ata gyaran rediyo da waya, a wata 'yar rumfa a ƙauyenmu tsakanin Gumel da Maigatari. A gajeren zango na fara tsintar wannan kiɗa, lokacin da nake murɗa rediyoyin mutane don gwaji bayan na gyara. Saboda haka kunnen mai gyaran sifika nake kawowa wannan harka, kuma da shi nake auna abin da masu sharhi ke rubutawa.

Abu na farko, ka san me mutumin yake yanke wa hukunci. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Gumel ranar hawan sallah ya san taken sarki ɗaya ne, amma tsakanin mai algaita da mai algaita akwai tazara. Wani ya ja numfashi ya shimfiɗa busar, wani ya riƙa sare ta gajeje. Dattijon da ya ce "busar bana ba ta kai ta bara ba" ai ba taken yake kushewa ba. To haka mai sharhin faifai yake. In ya ba wani faifan Beethoven tauraro 2, bai ce Beethoven ya gaza ba, yana nufin madugun nan da makaɗan nan, a wannan zama, ba su gamsar da shi ba. Bayan wannan akwai hukunci na biyu da ya shafi injiniyoyi, wato yadda aka naɗi sautin. Wasu mujallu sun sauƙaƙa mana, sun raba su. BBC Music Magazine tana ba da taurari har 5 na kaɗawa, da wasu 5 daban na naɗi. Shafin ClassicsToday na Amurka yana ba da maki biyu, kowanne bisa 10. Gramophone, wadda aka kafa a Ingila a 1923, takan ware wasu fayafayai a matsayin zaɓin edita, ita kuma Diapason ta Faransa tana da tambarin zinariya da take maƙala wa waɗanda ta fi so. Inda ba a raba maka ba, kai ka raba da kanka yayin karatu. Kowace jimla ka tambayi kanka, wannan maganar makaɗa ce ko ta makirfo?

Yanzu maganar gudu, wadda ita ce rabin rigimar masu sharhi.

Da wuya mai sharhi ya fito fili ya ce "wannan madugu yana tafiya a hankali". In abin ya yi masa daɗi sai ya ce kiɗan yana da faɗi, yana da nauyi, yana da ƙasaita, ya samu wurin yin numfashi. In bai yi masa ba sai ya ce yana jan ƙafa, ya yi kwance, ba rai a ciki. Haka in ana gudu. Mai so ya ce akwai wuta, akwai kuzari, mai ƙi ya ce garaje ne, an kora makaɗa kamar za su rasa mota. Duk faifai ɗaya suke siffantawa. Aikinka shi ne ka tuɓe wa maganar adonta ka ciro abin da ake iya aunawa, sannan ka yanke ko kai kana son haka.

Ga misali da babin farko na wannan simfoni na 5. Otto Klemperer da okestrar Philharmonia ta Landan, a naɗinsu na 1959, sun kai kusan minti 9. Carlos Kleiber da okestrar Biyana, a naɗin 1974 na kamfanin Deutsche Grammophon, minti 7 da ɗan ɗoriya. John Eliot Gardiner, a jerin da ya fito a 1994, bai ma cika minti 7 ba. Rubutu ɗaya suke kallo dukansu. Shi Gardiner da ire-irensa suna da hujja: a 1817 Beethoven ya fitar da lambobin metronom, na'urar nan mai ƙidaya bugu, na simfoninsa takwas na farko, kuma lambobin suna da sauri ƙwarai. Babin nan 108 ya rubuta masa. Tsofaffin madugai da yawa sun yi biris da lambobin, suna ganin kiɗan ya fi ƙarfin a yi masa wannan gudun. Don haka in ka ga mai sharhi yana ta ambaton metronom, ka san ɓangaren da ya jingina. Ni dai na Kleiber nake sa wa baƙo, na Klemperer kuma nake sa wa kaina in an tashi kasuwar Alhamis ta Maigatari, na gaji, ba na son wanda zai hanzarta ni.

Amma mintoci ma suna yaudara. Wani ɗan yayata da ke karatu a Dutse ya zo hutu, ya zauna a rumfa yana duba wayata. Sai ya ce, "Kawu, ai Kleiber ɗin nan da kake yabo ya fi Karajan jan ƙafa. Dubi babin ƙarshe, shi kusan minti 11, Karajan kuwa wajen 9." Na ce masa ya sa iyafis ya ji farkon kowanne. Ya ji, ya ɗago kai ya ce, "To ai ba wani bambancin gudu." Abin da ya faru shi ne Beethoven ya sa alamar a maimaita sashen farko na babin. Kleiber ya maimaita, Herbert von Karajan a naɗinsa na farkon shekarun 1960 da okestrar Barlin ya tsallake. Mai sharhi nagari yakan faɗa maka ko an yi maimaicin ko an bar shi, sau da yawa a 'yar jimla ɗaya can ƙasa. Kar ka wuce ta. Wasu suna ɗaukar tsallake maimaici a matsayin rage wa gini katanga, wasu ko a jikinsu.

Da Bruckner abin ya fi haka dagulewa, domin shi kansa ya sake rubuta wasu simfoninsa. Na 8 yana da sigar 1887 da ta 1890, sannan editoci biyu, Robert Haas da Leopold Nowak, kowanne ya fitar da nasa bugun. In ka ga sunan ɗayansu a sharhi, bugun da aka kaɗa ake gaya maka. Yawancin madugai suna gama wannan simfoni a wajen minti 80, Sergiu Celibidache a Munik ya haura 100. Wannan kam ba maimaici ba ne, halinsa ne.

Akwai wata ƙungiya da za ka riƙa cin karo da ita, masu kaɗawa da kayan zamanin da aka rubuta kiɗan. Gogensu da igiyar hanji maimakon ta ƙarfe, ƙahonsu ba maɓallai, tamburansu da sanda mai tauri, yawan makaɗa kaɗan ne, kuma sukan saukar da muryar kayan ƙasa kaɗan da yadda aka saba a yau. Masu gogen ba sa yawan karkaɗa yatsa a kan igiya, abin nan da ke sa sauti ya riƙa ɗan rawa yana zaƙi. Roger Norrington a shekarun 1980 da shi Gardiner suna cikin waɗanda suka yi fice a nan. Nikolaus Harnoncourt ya bi tsakiya, ya ɗauki okestrar zamani ya kaɗa da dabarun da, kuma jerin Beethoven ɗinsa ya ci kyautar faifan shekara ta Gramophone a 1992. Kalmomin da za su tona maka su ne siriri, tsabta, tartsatsi, ana ganin ciki tar, in mai sharhi yana so. In ba ya so kuma, ramamme, kaushi, tsami, ba jini a jika. A ɗaya gefen, in ana maganar irin sautin Karajan, mai so zai ce santsi da ɗumi da sheƙi, mai ƙi ya ce an shafe komai da mai har ba ka bambance sarewa da goge.

Duk wannan ana iya gwada shi cikin minti biyu, ba sai ka sauke faifan duka ba. Ka zaɓi wuri ɗaya da ka sani sosai ka riƙa komawa gare shi a kowane faifai. Nawa wurin a babin farko na simfoni na 5 yake. Bayan an wuce tsakiya, ana cikin rugugi, sai komai ya tsaya cak, obo guda ɗaya, wata 'yar uwar algaita mai laushin murya, ta yi 'yar gajeriyar busa ita kaɗai, sannan a koma fagen fama. A nan nake jin ko madugu ya ba mai busar sarari ko yana tsaye a kansa, ko zauren yana amsa sautin ko yana haɗiye shi, ko okestrar ta dawo a tare. In mai sharhi ya ce wane yana da tausayi a hannu, a wannan 'yar busa zan je in ji ko gaskiya ne.

Ɓangaren naɗin sauti shi ne inda na fi ganin mutanenmu suna asarar data a banza. Masu sharhin nan suna zaune ne a ɗaki shiru, gaban sifikoki manya masu tsadar gaske. Abin da suke yabo wani lokaci shi ne zai ba ka wahala. In sun ce faifai yana da tazara mai faɗi tsakanin sanyin sauti da ƙarfinsa, yabo ne a wurinsu. A rumfata kuwa, da injin niƙa yana ruri a maƙwabta da babura suna wucewa, ma'anarsa ita ce rabin kiɗan zai ɓace. Akwai wata gada tsakanin babi na uku da na huɗu a wannan simfoni, inda tambari ke bugawa ƙasa-ƙasa kamar bugun zuciya, goge suna rarrafe a kansa, har abin ya kumbura ya fashe da shigowar manyan ƙahonni masu zugewa, waɗanda a nan ne Beethoven ya fara sa su a simfoni. A naɗin zamani mai wannan tazara, in ka ƙara murya don ka ji tambarin, fashewar za ta sa 'yar sifikarka ta yi kukan kwaɗo. Na sha karɓar sifikar da aka yaga ta haka, ko da yake galibi da wasu kaɗe-kaɗen ne. Tsofaffin naɗi na shekarun 1960 sun fi zama lafiya da ƙananan kaya, shi ya sa maki 7 na sauti ba ya korata, wani lokaci ma shi nake nema.

Haka zancen dama da hagu. Faifan sitiriyo ya shiga kasuwa a 1958, kafin nan duk sauti ta kafa ɗaya yake fitowa. Masu sharhi suna son yabon Klemperer saboda yakan zaunar da rukunin goge na farko a hagu, na biyu a dama, sai ka ji suna jifan juna da magana. Gaskiya ne, kuma abin yana da daɗi, amma sai da iyafis mai kunne biyu masu aiki. 'Yar sifikar Bluetooth mai baki ɗaya ta haɗe su duka. In da ita kake saurare, duk sakin layin da ya yi magana kan shimfiɗar okestra daga hagu zuwa dama ba naka ba ne, tsallake shi. Kuma kar kalmar mono, wato sauti ta kafa ɗaya, ta tsorata ka, domin abin da kake ji ke nan dama.

In sun ce sauti busasshe ne, suna nufin ɗakin ba ya amsa kuwwa, sauti na fita yana mutuwa nan take. Yawancin naɗin Arturo Toscanini da okestrar NBC a ɗakin watsa shiri na 8H a New York sun yi suna da haka. In sun ce ya jiƙe ko yana iyo, kuwwar ta yi yawa har ta cakuɗa layuka. Zauren Musikverein na Biyana da Concertgebouw na Amsterdam ana yabonsu don sun tsaya a tsakiya. Game da tacewar sautin da suke kwatantawa dalla-dalla kuma, ka tuna su faifan CD ko abin da ya fi shi suke ji, wanda awa ɗaya tasa ta haura megabait 600. Abin da waya ke jawo maka a matsakaicin inganci, awa ɗaya ba ta cika megabait 60 ba. An matse shi, an zubar da wasu abubuwa. Bambancin gudu da salon madugu yana tsira daga wannan matsa, amma ƙyallin da suke cewa sabon gyaran sauti ya ƙara wa tsohon faifai, da wuya ya iso kunnenka.

Ka kuma lura da shekara. Manhajojin saurare sukan nuna shekarar da aka sake fitar da faifai, ba wadda aka naɗe shi ba. Karajan kaɗai ya naɗi simfonin Beethoven duka tara sau da dama: da Philharmonia a shekarun 1950, sannan da okestrar Barlin a farkon 1960, da 1970, da 1980. Sharhin da ya yabi ɗaya bai yabi sauran ba. Ka gangara ƙasan jerin ka nemi ƙaramin harafin P a cikin da'ira, shekarar da ke gefensa takan fi kusa da gaskiya, sannan ka gwada mintocin da mai sharhi ya ambata da waɗanda ke gabanka. In an rubuta cewa a gaban jama'a aka naɗa, ka sa ran tari da tafi da ɗan kuskure. Simfoni na 9 da Wilhelm Furtwängler ya jagoranta a Bayreuth a 1951 mono ne, kuma ba a rasa tuntuɓe a ciki, amma har yau ana jera shi cikin manya. Na zamani kuwa sau da yawa daga dare biyu ko uku ake haɗa su a ɗinke.

Abin da ya fi duk waɗannan amfani a wurina shi ne sanin kunnen mai sharhin kansa. Kowannensu yana da wani faifai a ka wanda yake auna saura da shi, kuma yakan ambace shi, ko a tsakiyar rubutu ko a jerin kwatance a ƙarshe. Nemo wannan sunan kafin ka karanta hukuncin. In ma'auninsa Klemperer ne kai kuma Gardiner ne naka, to kushensa na iya zama maka talla. David Hurwitz na ClassicsToday ya daɗe yana sukar yadda Norrington ya riƙa hana masu goge karkaɗa yatsa, bai ɓoye ba. Wanda ya san haka zai karanta ƙaramin makin da ya ba irin wannan faifai da fahimta, ya ɗauki bayanin ya bar fushin. Akwai kuma tsohon ƙorafi cewa masu sharhin Ingila suna tausasa wa madugan ƙasarsu. Ko ka yarda ko ba ka yarda ba, ba asara in ka haɗa da ra'ayin Bafaranshe ko Ba'amurke, tunda waya tana fassara. Ina da wani tsohon littafin rasit da nake rubuta sunan mai sharhi a bayansa, da faifan da ya yaba, da ko kunnena ya yarda da shi. A hankali mutum biyu ko uku suka fito waɗanda in sun ce a ji, ina saye da ido rufe. Shirin Building a Library na BBC Radio 3 ma yana koyar da kunne sosai, domin mutum ɗaya ne yake ɗaukar kiɗa ɗaya ya riƙa sa guntaye daga fayafayai daban-daban yana faɗin dalilinsa, kana ji kana auna shi.

'Yar jimlar yabo da kamfani ke mannawa a bangon faifai ko a talla, wannan ba sharhi ba ce. An yanko ta ne daga inda ta fi daɗi, wataƙila kalmar da ke biye da ita "amma" ce.

Kuma masana ma labari yana jan kunnensu. Joyce Hatto, wata mai kaɗa piyano 'yar Ingila, ta rasu a 2006 ana ta yabon fayafayanta sama da 100, waɗanda aka ce ta naɗa tana fama da ciwon daji, a ƙaramin kamfanin mijinta. A Fabrairun 2007 asiri ya tonu. Wani ya sa faifanta na kiɗan Liszt a kwamfuta, sai manhajar ta nuna sunan wani makaɗi daban, László Simon. Da aka bincika sai aka tarar aikin wasu ne aka kwafa, wani wurin an ɗan ƙara gudu ko an rage. Fayafayan da aka ce ta yi da okestra an rubuta sunan wani madugu, René Köhler, wanda ba a samu wata shaidar ya taɓa wanzuwa ba. Tun daga nan, in na ga sharhi ya cinye rabinsa yana ba ni tarihin wahalar mai kiɗa, ko ƙuruciyarsa, ko cewa wannan ne naɗinsa na ƙarshe kafin ya mutu, sai in nemi inda ya yi maganar abin da kunne zai ji. In bai nuna mini babi kaza, wuri kaza, ga abin da ƙaho ya yi ba, ban ɗauke shi da nauyi ba ko da taurari 5 ya zuba.

Duk abin da na faɗa ya fi aiki ga kiɗan da aka naɗa sau ɗaruruwa. In kiɗan ba shi da fayafayai da yawa, karatun yana canzawa. Ɗauki African Suite na Fela Sowande, ɗan Najeriya haifaffen 1905, wanda ya rubuta wa okestrar goge, babi biyar. A irin wannan mai sharhi ba shi da tulin fayafayan da zai gwada da su, saboda haka yawancin rubutunsa kan kiɗan kansa ne, kuma taurarin sukan haɗa da godiyar cewa an ma samu wanda ya naɗa. Ka karanta shi don sanin me ke cikin kiɗan, ka rage wa makin ɗan kaɗan a ranka, sannan ka duba ko duka aka kaɗa. Faifan Paul Freeman da Chicago Sinfonietta wasu babi kawai ya ɗauko, na Mario Bernardi da okestrar CBC ta Vancouver shi ne ke da biyar ɗin.